Kakar 1969 A Jami'ar FAMU: Nasarar Da Ta Buɗe Ƙofa, Ta Yashe Gida

Masu iya magana kan ce, zuma ga zaƙi ga harbi. Da wuya a sami wani labari a tarihin wasannin Amurka da wannan karin magana ya dace da shi kamar labarin abin da ya faru ranar Asabar, 29 ga watan Nuwamba na shekarar 1969, a birnin Tampa da ke jihar Fulorida. A wannan rana mutum sama da 46,000, baƙaƙe da farare, suka cika babban filin wasa na birnin domin kallon abin da ba a taɓa yi ba a jihar, wato karawa a fagen ƙwallo tsakanin jami'ar baƙaƙen fata da jami'ar Turawa. A gefe guda akwai Jami'ar Aikin Gona da Kanikanci ta Fulorida, wadda aka fi sani da FAMU, a ɗaya gefen kuma akwai Jami'ar Tampa. Da aka busa tashi, FAMU tana da maki 34, Tampa tana da 28.

Idan mai karatu ya tsaya a nan, zai ɗauka labari ne na daɗi zalla, irin wanda ake ba yara: an raina wasu mutane, an ba su dama sau ɗaya, sun nuna bajinta. Haka ne, an yi hakan. Sai dai abin da ya biyo bayan wannan nasara shi ne ya sa na ga ya kamata mu waiwayi kakar, domin a cikinta akwai tambayar da ta wuce ƙwallo nesa ba kusa ba: idan aka rushe katangar wariya, aka ce kowa ya shiga inda yake so, ina makomar gidajen da waɗanda aka ware suka gina wa kansu a lokacin da ba su da wurin zuwa?

Wane irin ƙwallo ne?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita fahimta. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa daban yake da tamaular da muka sani. Ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon mai tsini biyu ne, da hannu ake ɗaukarsa a ruga ko a jefa, 'yan wasa kuma suna sanye da hular kwano da sulken kafaɗa saboda tsananin karo. Kowane ɓangare mutum 11 ne a cikin fili mai tsawon yadi 100. Ana ba ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo dama huɗu ta ci gaba da yadi 10; idan ta yi, a sabunta mata damar, idan ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya sami maki 6, da ƙarin maki 1 idan an buga shi ya ratsa tsakanin turaku. Akwai kuma ɗan wasa guda wanda shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya, shi ke karanta tsayuwar abokan gaba, ya ba da umarni, ya jefa ƙwallo. A wannan rubutu zan kira shi madugu.

A Amurka, musamman a jihohin Kudu, wasan jami'o'i ba ƙaramin abu ba ne. Kaka takan fara a watan Satumba ta ƙare a Disamba, ana wasa ɗaya a mako, kuma martabar makaranta a idon jama'a, da kuɗin da tsofaffin ɗalibai ke ba ta, da yawan masu neman shiga cikinta, duk suna da nasaba da abin da yaranta suka yi ranar Asabar. Shekarar 1969 ita ce ta cika shekara 100 da fara wannan wasa tsakanin jami'o'i, domin a 1869 ne jami'o'in Rutgers da Princeton suka yi karawar farko.

Makarantun da wariya ta haifa

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 an kuma soke bauta, jihohin Kudu sun ƙi yarda 'ya'yan bayin jiya su zauna aji ɗaya da 'ya'yan iyayen gijinsu. Saboda haka coci-coci da ƙungiyoyin agaji, daga baya kuma gwamnatocin jihohi, suka kakkafa wa baƙaƙe makarantu nasu na daban. A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wannan tsari, bisa hujjar cewa raba jinsi ba laifi ba ne muddin an daidaita abin da ake ba kowa. Rabawa kam an yi, daidaitawa ce ba a taɓa yi ba. Irin waɗannan makarantu kimanin 100 ne suka rage a yau, kuma ba baƙi ba ne ga tarihin Afirka, domin a cikinsu ne Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu, dukansu biyu sun ratsa Jami'ar Lincoln da ke Fensilbaniya.

An kafa FAMU a birnin Talahasi, hedkwatar Fulorida, ranar 3 ga Oktoba na 1887, da ɗalibai 15 da malamai 2, a matsayin kwalejin horar da malamai baƙaƙen fata. Ta zama cikakkiyar jami'a a 1953. A cikin garin, can ƙetaren layin dogo, akwai Jami'ar Jihar Fulorida, wato FSU, wadda ta Turawa ce a wancan zamani. Tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu, gwamnati ɗaya ke ciyar da su, amma da cokali biyu masu bambancin girma.

Tun da doka da al'ada sun hana makarantun baƙaƙe karawa da na farare a Kudu, sai suka kafa duniyar ƙwallonsu. Wasansu na farko an yi shi ranar 27 ga Disamba na 1892, tsakanin kwalejojin Biddle da Livingstone a jihar Karolina ta Arewa. Suka yi gasanninsu, jaridun baƙaƙe suka riƙa zaɓen zakaransu na ƙasa kowace shekara. Ita FAMU tun 1933 ta ƙirƙiro wani babban wasa na rufe kaka mai suna Orange Blossom Classic, inda takan gayyato ƙungiyar da ta fi tashe a shekarar. Daga 1947 aka mai da shi birnin Miyami, ya zama kamar wani bikin shekara na baƙaƙen Fulorida, ga jerin gwano a titi, ga 'yan badujalar jami'ar da ake kira Marching 100, waɗanda William Foster ya shugabanta tun daga 1946 har ya mai da su abin kwatance a faɗin ƙasar.

Mutumin da ya gina gidan

Ba za a fahimci kakar 1969 ba sai an san Alonzo Smith Gaither, wanda kowa ke kira Jake. An haife shi a 1903 a garin Dayton na jihar Tenesi, ɗan limamin coci ne. Burinsa shi ne ya zama lauya, amma mahaifinsa ya rasu daidai lokacin da yake kammala Kwalejin Knoxville a 1927, dole ya nemi aikin koyarwa da horar da 'yan wasa domin ya riƙe gida. Ya yi digiri na biyu a Jami'ar Jihar Ohayo a 1937, ya zo FAMU a matsayin mataimakin koci a wannan shekara. A farkon shekarun 1940 aka yi masa aikin cire ƙari daga ƙwaƙwalwa, mutane da yawa suka fitar da rai da shi. Ya warke, a 1945 aka ba shi ragamar ƙungiyar, wadda ake wa laƙabi da Rattlers, sunan wani maciji mai kacau-kacau a wutsiya.

A cikin kaka 25 da ya yi, ya ci wasa sama da 200, an doke shi sau 36, an yi canjaras sau 4. Wato a cikin kowane wasa 100 yakan ci fiye da 80. Sau 6 ana naɗa ƙungiyarsa zakarar makarantun baƙaƙe ta ƙasa. Yana da 'yan wasa masu yawan da har ya kasa su rukuni uku, ya raɗa musu suna Jini da Gumi da Hawaye, kowane rukuni kuma zai iya tsayawa da kansa. Sananniyar maganarsa ita ce yana son yaransa su kasance masu zafin nama, masu saurin motsi, masu zafin kai a fili, kalmomi uku da a Turanci suke da amsa-amo ɗaya, yakan kuma ja ƙarshensu irin na mai wa'azi, har suka zama take a bakin masu ƙwallo a duk ƙasar. Daga hannunsa Bob Hayes ya fito, wanda ya ci lambar zinariya a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964, sannan ya yi suna a ƙungiyar ƙwararru ta Dallas Cowboys. Haka kuma Willie Galimore na Chicago Bears.

Mene ne sirrin? Hazaƙar Gaither na ciki, amma akwai wani abu da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Duk wani yaro baƙar fata mai baiwa a Fulorida ba shi da babbar ƙofar da zai ƙwanƙwasa a jiharsa sai ta FAMU da 'yar'uwarta Bethune-Cookman. Daɗin daɗawa, mafi yawan kociyoyin sakandaren baƙaƙe a jihar tsofaffin yaran Gaither ne, su suka yi karatun koyarwa a FAMU suka watsu cikin garuruwa, su ke renon yara su turo masa. Wato ƙarfin ƙungiyar ya dogara ne a kan wata sarƙa da ta tashi daga makarantar unguwa ta ƙare a jami'a, kuma wariyar da ta tsare yaran ita ce ta ƙulla sarƙar.

Manyan kociyoyin Turawa sun san darajarsa. Bear Bryant na Alabama da Woody Hayes na Jihar Ohayo suna cikin waɗanda suka riƙa zuwa taron bitar da yake shiryawa a Talahasi. Ana iya cin abinci da shi, a tattauna dabarun wasa da shi, amma ba a yarda a tsaya da shi a fili ɗaya ba. Saboda haka duk yawan nasarorinsa, akwai wata magana da ke bin su kamar inuwa: ai da 'yan'uwansa kawai yake karawa. Wannan magana ce ya ƙudura zai kashe kafin ya ajiye aiki.

Hanyar zuwa Tampa

Shekarun 1960 ba su zo wa Gaither da sauƙi ba. Ɗaliban FAMU suna sahun gaba a gwagwarmayar neman 'yanci. Biyu daga cikinsu, Wilhelmina Jakes da Carrie Patterson, su suka haddasa ƙauracewa motocin bas na Talahasi a 1956, bayan sun zauna a kujerar da aka keɓe wa farare. A 1960 wasu ɗaliban suka zaɓi zaman kurkuku maimakon biyan tara saboda zaman dirshan da suka yi a wani wurin cin abinci. Shi kuwa Gaither bai fito zanga-zanga ba. Yana hulɗa da gwamnonin jihar, har da waɗanda suka hau mulki da alkawarin kare wariya, domin a hannunsu kuɗin jami'ar yake. Matasa masu zafin ra'ayi suka riƙa kiransa ɗan amshin shatan Turawa, abin da ya yi masa ciwo ƙwarai.

Amma wannan hulɗa da ake zarginsa a kanta ita ya yi amfani da ita. Daga 1967 ya shiga bin hukumar da ke kula da jami'o'in jihar a asirce, yana neman izinin karawa da makarantar farare. Samun izini wani abu ne, samun abokin karawa kuma wani abu ne daban, domin manyan jami'o'in jihar ba su ga ribar da za su ci ba: idan sun yi nasara a ce dama an sani, idan sun faɗi kuwa abin kunya ya same su. Wanda ya amsa shi ne Fran Curci, matashin kocin da ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Tampa a 1968. Tampa jami'a ce mai zaman kanta, tana neman suna da 'yan kallon da za su cika mata sabon filin birnin.

Fargaba ta yi yawa, kuma da dalili. A watan Yuni na 1967 an yi tarzoma ta kwanaki a Tampa bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata. A watan Afrilu na 1968 aka kashe Martin Luther King, birane da dama suka kama da wuta. Tara dubban mutane na jinsi biyu a wuri guda, kowa da wanda yake goya wa baya, a kan wasan da asalinsa karo ne da ture-ture, abu ne da ya hana hukumomi barci.

A fagen wasa ma kakar ta zo da nata ƙalubale. Madugun ƙungiyar na shekarun baya, Ken Riley, ya kammala karatu. Abin da ya same shi ya isa misali na irin tunanin zamanin: da ƙungiyar Cincinnati Bengals ta ɗauke shi a 1969, sai ta cire shi daga matsayin madugu ta mai da shi mai tsaron baya, kamar yadda aka saba yi wa baƙaƙen madugai, bisa zaton cewa gudu ne nasu, jagoranci na wasu ne. Ya yi kaka 15 a wannan matsayi, ya cafke ƙwallon abokan karawa sau 65, amma ba a saka shi a zauren gwarzayen wasan ba sai a 2023, shekara uku bayan rasuwarsa. Steve Scruggs ne ya gaje shi a FAMU, tare da Hubert Ginn a matsayin babban mai ruga da ƙwallo. Ƙungiyar ta yi tuntuɓe sau ɗaya tak a duk kakar, a hannun Jami'ar Jihar Tenesi, ta ci sauran wasanninta na share fage, ta iso Tampa da ƙarfinta.

Ita ma Tampa ba kanwar lasa ba ce, wasa takwas ta ci a wannan kaka. Tana da madugu mai hannu, Jim Del Gaizo. Wasan ya yi zafi tun daga farko har ƙarshe, wannan ya ci wancan ya rama. A mintocin ƙarshe, FAMU na gaba da maki 6, Tampa ta tura ƙwallo har kusa da ƙarshen fili, inda ci ɗaya da bugu ɗaya za su juya sakamakon. Masu tsaron FAMU suka dage, damar Tampa ta ƙare. Aka tashi lafiya, jama'a suka watse ba tare da tarzomar da ake tsoro ba. Curci ya amince a gaban 'yan jarida cewa an fi yaransa wasa, shi kuma an fi shi dabara. Ga mutumin da aka shekara 25 ana cewa bai taɓa gwada ƙarfinsa da na gaske ba, wannan furuci ya fi kofi daraja.

A farkon Disamba FAMU ta rufe kakar a Miyami, ta doke Grambling ta shahararren koci Eddie Robinson da maki 23 da 19. Wasa tara, nasara takwas. Wannan shi ne wasan Gaither na ƙarshe a matsayin koci. A watan ne kuma Jami'ar Texas ta zama zakarar manyan jami'o'in ƙasa, kuma ita ce ƙungiya ta ƙarshe da ta ci wannan kambi ba tare da baƙar fata ko ɗaya a cikin 'yan wasanta ba.

Bayan an gama tafi

A cikin wasan na Tampa akwai wata alama da mai lura zai gani. Ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan Tampa, Leon McQuay, baƙar fata ne, ya fito daga sakandaren Blake, makarantar baƙaƙe ta cikin birnin. Da shekara goma baya ne, da rigar FAMU zai saka. Jami'ar Miyami ta riga ta ɗauki Ray Bellamy tun 1966. Jami'ar Fulorida ta fito da baƙaƙen 'yan wasanta na farko, Willie Jackson da Leonard George, a 1970. A watan Satumba na wannan shekara Jami'ar Kudancin Kalifoniya, da baƙaƙen 'yan wasanta, ta je har gida ta lallasa Alabama da maki 42 da 21, a 1971 kuwa sai ga baƙaƙe a ƙungiyar Bear Bryant. Gani ya kori ji. Wasan Tampa bai haifar da wannan guguwa ba, amma ya tabbatar wa duk mai shakka cewa akwai ma'adini a unguwannin baƙaƙen Fulorida, kuma manyan jami'o'i suna da abin haƙarsa: filaye masu cin mutum dubu sittin, da talabijin, da kuɗi.

A lokaci guda kuma sarƙar nan ta tsinke daga tushe. Da kotuna suka tilasta haɗe makarantun sakandare, makarantun baƙaƙe aka fi rufewa ko rage wa daraja, yaransu aka kwasa a mota zuwa na farare. A Tampa kanta, Blake da Middleton sun daina zama manyan sakandare a 1971. Shugabannin makarantu da kociyoyi baƙaƙe da yawa suka rasa muƙamansu ko suka koma mataimaka. Masu turo wa FAMU yara suka bar kujerun da ake turowa daga kansu.

Kada mai karatu ya ɗauka a fagen ƙwallo kaɗai hakan ta faru. Jihar Fulorida ta buɗe wa FAMU tsangayar koyon aikin lauya ne domin kauce wa shigar da baƙar fata, Virgil Hawkins, Jami'ar Fulorida bayan ya nema a 1949. Tsangayar ta yaye lauyoyi 57. Da wariya ta faɗi, sai aka rufe ta a 1968, aka buɗe sabuwa a FSU, ƙetaren layin dogo. Ba a maido wa FAMU da tata ba sai a 2002, a birnin Orlando. Asibitin jami'ar, wanda ya daɗe yana kula da baƙaƙen yankin, shi ma an rufe shi a 1971. Ko'ina salon ɗaya ne: idan an ce a haɗe, to na baƙaƙe ake rufewa.

Gaskiya ne gidan bai rushe dare ɗaya ba. Bayan kociyoyi uku cikin shekara huɗu, Rudy Hubbard ya zo a 1974 ya farfaɗo da ƙungiyar. A 1978 FAMU ta ci kofin ƙasa na rukuni na biyu na manyan jami'o'i, a shekarar da aka fara shi, inda ta doke Massachusetts da maki 35 da 28, kuma har yau babu wata makarantar baƙaƙe da ta sake cin wannan kofi. A 1979 ta doke Jami'ar Miyami da maki 16 da 13. Amma wannan shi ne hasken fitila kafin mai ya ƙare. Tsakanin 1983 da 2013, jami'o'in Miyami da FSU da Fulorida sun ci kambin ƙasa sau 11 a tsakaninsu, kuma ƙashin bayan waɗannan ƙungiyoyi 'ya'ya ne da jikokin unguwannin da suka ciyar da Gaither. A 2013 ɗin nan FAMU ta je Jami'ar Jihar Ohayo, inda Gaither ya yi digirinsa na biyu, aka ba ta dala 900,000 ladan zuwa, aka doke ta da maki 76 da nema. Irin wannan wasa na karɓar duka domin cike giɓin kasafi ya zama ruwan dare ga makarantun baƙaƙe. A zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL a 2021, an ɗauki mutum 259, babu ko ɗaya daga makarantun da suka ba duniya Walter Payton da Jerry Rice.

Kociyoyin fa? An kwashi yara, an bar malamansu. Babbar gasar jami'o'in Kudu maso Gabas, inda Alabama da Fulorida suke, ta fara saka baƙar fata a fili a 1967, amma ba ta sami babban kocin ƙwallo baƙar fata ba sai da Jami'ar Jihar Misisipi ta naɗa Sylvester Croom a ƙarshen 2003. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Laifin wa?

Abin tambaya a nan shi ne, shin Gaither ya yi kuskure da ya nemi wannan wasa? Ni a ganina bai yi ba. Ba wanda zai ce a ci gaba da tsare yaro a bayan katanga domin makarantar da ke cikin katangar ta ci gaba da cin kofi. McQuay da Bellamy da dubban da suka biyo bayansu suna da haƙƙin zuwa inda suka ga dama, kuma don samun wannan haƙƙi ne ɗaliban FAMU suka kwana a kurkuku. Ƙarfin da aka gina a kan rashin zaɓin mutane dama ba mai ɗorewa ba ne, kuma da an ƙi buga wasan Tampa, da yaran sun tafi duk da haka, sai dai Gaither ya mutu da maganar nan tana bin sunansa.

Inda aka yi ɓarna shi ne a yadda aka buɗe ƙofar. An buɗe ta ta fuska ɗaya. Mutane sun fita daga gidan baƙaƙe zuwa na farare, amma kuɗi da kayan aiki da martaba ba su biyo hanyar sun dawo ba. An ce wa makarantar da aka shekara 80 ana ba ta ragowa ta fito ta yi tsere da wadda aka shekara 80 ana yi wa ɗure, aka kira wannan adalci. Wannan ba zargi ne na fatar baki ba. A watan Satumba na 2023, sakatarorin ilimi da aikin gona na gwamnatin tarayyar Amurka sun rubuta wa gwamnonin jihohi 16, suna nuna musu cewa tsakanin 1987 da 2020 an tauye wa jami'o'in aikin gona na baƙaƙe sama da dala biliyan 12 idan aka kwatanta da takwarorinsu na farare. Kason FAMU kaɗai a wannan lissafi ya kusa dala biliyan 2. Mai karatu ya lura da shekarun: duk bayan an ce wariya ta mutu ne.

Ko a 'yan shekarun nan an ga yadda abin yake. A ƙarshen 2021 Travis Hunter, wanda ake ɗauka a matsayin ɗalibin sakandare mafi baiwa a ƙasar, ya fasa zuwa FSU ya zaɓi Jami'ar Jihar Jackson, makarantar baƙaƙe, domin ya yi wasa a ƙarƙashin Deion Sanders. Aka yi ta murna cewa ruwa ya fara komawa rafinsa. Bayan kaka ɗaya Jami'ar Kolorado ta ɗauke Sanders da albashin da Jackson ba za ta iya mafarkinsa ba, Hunter ya bi shi, a can kuma ya ci kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i ta 2024. Kishi ya kawo shi, amma kishi kaɗai bai isa ya riƙe shi ba.

Jake Gaither ya rasu a Talahasi a watan Fabrairu na 1994, yana da shekara 90. Jami'ar Tampa, wadda ta nemi suna da wasan 1969, ta soke ƙwallo gaba ɗaya bayan kakar 1974 saboda tsadarsa. FAMU kuwa tana nan a kan tudunta, 'yan badujalarta na busa, kuma a 2023 ta sake zama zakarar makarantun baƙaƙe bayan ta doke Jami'ar Howard da maki 30 da 26. Gidan da aka gina da jini da gumi da hawaye bai faɗi ba. Abin da ya rage shi ne bashin da jihar Fulorida ta ci a kansa, wanda nasarar Tampa ta tabbatar da cewa ya cancanci a biya, kuma fiye da rabin ƙarni bayan wannan Asabar, ba a biya ba.